Mai yana jiƙa tayar baya: yadda ake gane ko oyil sil ɗin aksul ne, da abin da ke kashe shi

Tambaya: Ina da bas ƙirar Toyota Hiace da nake jigilar fasinja da ita tsakanin Kano da Katsina. Kwanakin baya na lura cewa cikin tayar baya ta hagu yana jiƙewa da wani baƙin mai, birki ma ya fara fizgar motar gefe guda. Makanike ya ce oyil sil ɗin aksul ne, ya canza shi, amma ba a yi wata guda ba man ya dawo. Ta yaya zan tabbatar da inda yoyon yake, kuma me ya hana sabon sil ɗin riƙewa?

Amsa: Malam, bayanin da ka yi ya dace da alamomin yoyon oyil sil ɗin aksul, kuma mai yiwuwa ne makanikenka bai yi kuskure ba wajen gano inda man yake fitowa. Inda aka fi samun tangarɗa shi ne wata tambaya da ba kasafai ake tsayawa a yi ta a gareji ba, wato me ya sa sil ɗin farko ya saki tun asali. Gaskiya ne roba takan tsufa ta ƙeƙashe, amma idan aka sa sabon sil ya saki cikin wata guda, to ba maganar tsufa ake yi ba. Ko dai akwai wani abu a jikin aksul ɗin da ke kashe shi, ko an ji masa rauni wajen ɗaurawa, ko kuma man da kake gani ba ta nan yake biyowa ba.

Domin bayanin ya zauna, ya kamata a san yadda wurin yake. A motoci masu jan baya irin Hiace da Hilux, farfela ce ke ɗauko juyi daga giyabos ta kai shi tulun da ke tsakiyar aksul ɗin baya, inda difarensha yake. A cikin tulun akwai ƙaramar giya da ake kira finiyo, wadda take juya babban faifai mai haƙora, kirawun wil, sannan akwai wasu ƙananan giyoyi waɗanda aikinsu shi ne su bar tayar waje ta fi ta ciki gudu idan mota tana shan kwana. Daga nan shaf biyu suka fita, ɗaya dama ɗaya hagu, kowanne a cikin bututun ƙarfe har zuwa taya. Man giya yana kwance ne a gindin tulun, wajen lita 2 zuwa 3 a mota irin taka, kuma babu famfon da ke tura shi. Kirawun wil ne ke kwasarsa yana watsawa yayin da yake juyawa. Duk lokacin da mota ta sha kwana ko aka ajiye ta a karkace, man yakan gangara cikin bututun ya nufi taya, kuma abin da ke tare shi a can shi ne oyil sil, wato zoben ƙarfe mai leɓen roba, da wani siririn sifirin a bayan leɓen wanda ke matse shi a jikin ƙarfen da ke juyawa. Babu fitila ko agogo a gaban direba da zai nuna masa cewa man aksul ya ragu, don haka ido da hanci da kunne ne kawai abin dogaro.

Kafin a ɗauki sifana, a fara tantance wane ruwa ne ke jiƙa tayar, domin abubuwa uku ne ke iya zuba a wannan lungun, kuma da zarar ƙura ta hau su duk baƙi suke komawa. Man giya yana da kauri da danƙo, idan ka murza shi tsakanin yatsu za ka ji yana jan zare, kuma yana da wari mai ƙarfi na farar wuta, wanda ke fitowa daga sinadaran da ake haɗa shi da su domin haƙoran difarensha su jure matsi. Man birki kuwa ruwa-ruwa ne, yana da santsi amma babu kauri, kuma ba shi da wannan warin. Idan hanci bai raba gardama ba, ruwa zai raba ta: ka lakato abin da ke zuba da tsinke mai tsabta, ka saka shi a ɗan ruwa cikin murfin gora. Man birki na DOT 3 ko DOT 4, wanda shi ne a kusan dukkan motocin da ke kan titunanmu, yana narkewa ya gauraye da ruwa, man giya kuwa sai ya taso sama ya tsaya shi kaɗai. Daga nan ka leƙa tankin man birki ka ga ko ya sauka daga layinsa. Na ukun shi ne man shokozoba, wanda shi ma ba shi da kauri, kuma ana gane shi ne da cewa jikin shokozoban kansa yake jiƙewa tun daga sama, ya gangaro ya ɓata abin da ke ƙarƙashinsa.

Na tsaya a kan wannan ne saboda ka ambaci birki. Idan man birki ne ke zuba daga silindar birki da ke cikin diram, wato gangar ƙarfen da ke bayan wili, to sau goma za a iya canza oyil sil ba tare da tayar ta bushe ba, kuma haɗarin ya fi girma nesa ba kusa ba, domin wata rana za a taka birki ƙafa ta tafi har ƙasa. Akwai kuma lokacin da ake samun duka biyun tare, kuma ɗayan ne ke jawo ɗayan: robobin birki an yi su ne don man birki, ba sa jituwa da man giya, saboda haka idan man aksul ya daɗe yana wanke cikin diram, robar da ke rufe bakin silinda takan kumbura ta yi laushi, ƙura da ruwa su sami hanyar shiga, daga baya silindar ma ta fara yoyo.

Idan an tabbatar man giya ne, sai a nemo bakin da yake fitowa, kuma wannan ba ya yiwuwa a kan aksul mai datti. Mai yana bin ƙasa saboda nauyinsa, iska kuma tana kora shi baya idan mota tana gudu, don haka wurin da ya fi jiƙewa sau da yawa ba shi ne wurin da ke yoyo ba. A wanke aksul ɗin gaba ɗaya, daga tulu zuwa bayan tayoyi biyu, da kananzir ko sabulun wanke inji, a bar shi ya bushe sarai, amma kada mai wankin ya saita bakin ruwa mai ƙarfi a kan sil ko a kan ɗan bututun numfashi da ke saman aksul. Idan ya bushe, a barbaɗa farar hoda a wuraren da ake zargi, a yi tafiyar kilomita 15 zuwa 20 domin man ya yi zafi ya saki jiki, sannan a hau rami a duba da tocila. Sabon mai yakan zana layi a kan hodar, kuma ƙa'idar ita ce a bi layin sama da gaba har inda ya faro. Manyan garejoji suna da wani rini da ake zubawa a cikin mai a haska shi da fitila ta musamman, amma a kan aksul hoda ta wadatar.

Kowane irin yoyo yana da nasa zane. Na oyil sil ɗin aksul yakan bayyana a ƙasan farantin ƙarfen da ke bayan diram, ya taru a gindinsa yana ɗiga, sannan juyawar taya ta watsa shi a cikin wili da gefen tayar ciki, ya yi layi-layi daga tsakiya zuwa baki, alhali tulun difarensha yana nan a bushe. Idan sil ɗin finiyo ne, wanda yake gaba inda farfela ta haɗu da tulu, za ka ga hancin tulun a jiƙe, kuma za ka ga man ya yi zobe a ƙarƙashin bodi da jikin salansa daidai saitin mahaɗar, domin farfela ce ke wurga shi. Motocin Toyota irin taka ba su da murfi a bayan tulu, difarensha ɗin ta gaba ake zaro shi gaba ɗaya, kuma gaskit ɗin da ke zagaye da notinansa yakan yi gumi, haka ma washar notin juye mai idan an sha ɗaure ta ana kwancewa ba a canza ba. Sai kuma tsagewa a jikin bututun aksul, musamman kusa da inda sifirin yake zama ko inda aka taɓa yin walda, wadda ake yawan gani a motocin da ke shan lodi. A tulu, ɗan gumin da ƙura ta manne masa ba tare da ɗiga ba abu ne da za a iya sa wa ido a ci gaba da aiki, amma a bakin taya babu yoyon da za a kira ƙarami, tunda birki yana wurin.

Daga nan sai a ɗaga motar a cire taya da diram. A sa weji a tayoyin gaba, domin birkin hannu tayoyin baya yake riƙewa kuma dole a sake shi kafin diram ya fita, kuma a tokare motar da ƙarfen tokara, kada kowa ya shiga ƙarƙashinta tana kan jak kaɗai. Ƙurar cikin diram ba a hura ta da baki ko da iska, jiƙa ta ake yi a goge, saboda illarta ga huhu. Abin da za a duba shi ne inda jiƙewar ta faro. Idan daga tsakiya ne, bayan faifan da notinan taya suke, man ya bazu zuwa layinin birki, wato abin da ke kama diram idan an taka birki, ya mayar da ƙurar wurin baƙin kwaɓi mai warin farar wuta, to daga aksul yake. Idan kuwa daga sama ne, inda silinda take, a ɗaga bakin robarta da ɗan sukundireba. In ruwa ya fito daga ƙarƙashi, silindar ce. A motocin da ke da ABS, tsarin da ke hana taya cijewa idan an taka birki da ƙarfi, akwai wata hanya mai sauƙi, wato a kwance na'urar da ke karanta gudun taya a leƙa raminta da tocila, domin a irin wannan aksul ramin yana bayan sil ne ta wajen taya, kuma bai kamata a ga man giya a cikinsa ba.

Kafin a zaro shaf, a duba yawan man da yanayinsa, motar tana tsaye daidai ba a karkace ba. A fara kwance notin zuba mai, wanda yake sama, kafin a taɓa na juyewa, domin idan aka juye mai sannan na saman ya ƙi kwancewa an shiga uku. Ya kamata man ya kasance daidai bakin ramin, ko ƙasa da shi da abin da bai wuce milimita 5 ba, yadda idan ka lanƙwasa ɗan yatsa ciki za ka taɓo shi. Idan da buɗewa mai ya kwararo da yawa, to an cika shi fiye da ƙima, abin da ke faruwa idan an zuba shi mota tana kan gangare ko an ɗaga gefe guda, kuma wannan kaɗai ya isa ya sa mai ya riƙa kwanciya a kan sil. Idan man ya yi fari-fari ya yi kumfa, ruwa ya shiga, kuma ruwan yana ƙara yawan abin da ke ciki, yana kuma sa tsatsa a inda leɓen sil ke gogawa. Notin juye mai yana da maganaɗisu a bakinsa. Laushin baƙin gari a jikinsa ba abin damuwa ba ne, amma ɓarɓashin ƙarfe mai ƙyalli da ake ji a yatsa yana nuna cewa haƙorin giya ko boris, wato zoben da ƙarfe mai juyawa ke gudu a cikinsa, ya fara cinyewa.

Yanzu ga dalilan da ke sa sabon sil ya saki, kuma zan fara da wanda ya fi araha, wanda kuma aka fi mantawa da shi. A saman bututun aksul akwai wani ɗan ƙarfe mai hula da bai kai tsawon yatsa ba, makanikai suna ce masa birida, kuma ta nan aksul yake numfashi. Idan mota ta yi doguwar tafiya, mai da iskar da ke cikin aksul suna yin zafi su buɗe, kamar yadda jarkar da aka toshe aka bari a rana take kumbura, kuma idan biridar ta toshe, iskar ba ta da mafita sai ta wurin da ya fi rauni, wato leɓen sil, ta tura mai waje tare da ita. A ƙasarmu toshewar birida ba abin mamaki ba ne, domin ƙurar hunturu tana haɗuwa da gumin mai ta daskare a kanta, taɓon damina kuma ya zo ya lulluɓe ta. Gwajin ba ya ɗaukar minti biyar. A kama hular da yatsu, ya kamata ta yi motsi ta juya sakayau. Idan ta ƙage, a share kewayenta, a kwance ta, a wanke da kananzir, a hura ta ɓangaren zaren a ji ko iska tana wucewa. Wata shaidar ita ce a kwance notin zuba mai bayan an dawo daga tafiya aksul yana da zafi. Idan aka ji iska ta yi tsaki ta fito, to aksul ɗin ba ya numfashi. A ganina duk makaniken da ya canza oyil sil bai taɓa birida ba, ya kashe maciji ne bai sare kansa ba. Ta biridar ce kuma, ko ta bakin sil ɗin kansa, ruwa yake shiga idan aka tsunduma aksul mai zafi cikin kududdufi, domin sanyin da ya same shi farat ɗaya yana sa ya zuƙo abin da ke waje.

Na biyu shi ne boris ɗin taya, kuma a irin motarka shi na fi zargi. Leɓen sil an yi shi ne ya bi ƙarfen da ke juyawa a tsaye wuri guda, ɗan kaɗan kawai yake iya jure kaɗawa. Idan boris ya yi lako-lako, shaf ɗin yana rawa sama da ƙasa, sai leɓen ya riƙa buɗewa yana rufewa har ya gaji. Ana gwada shi ne taya tana ɗaure, mota tana sama: a kama tayar sama da ƙasa a jijjiga, sannan a juya ta da hannu ana saurare. Duk wani ƙwas-ƙwas ko gurnani alama ce, haka ma ƙugin da ke ƙaruwa da gudun mota kuma yake sauya murya idan an karkata sitiyari dama ko hagu. Abin da ya kamata ka sani game da Hiace da Hilux shi ne sil ɗin yana ciki ne, boris yana waje da shi, kuma boris ɗin rufaffe ne mai giris ɗinsa na kansa. Ma'ana, duk man da ka gani a cikin diram sai da ya ratsa ta cikin boris kafin ya iso can, ya wanke giris ɗin ya tafi da shi. Ko da boris lafiyarsa ƙalau ranar da yoyon ya fara, bayan makonni yana shan wannan wankin ba lafiyayye ba ne kuma. Idan sil kaɗai aka canza maka aka mayar da tsohon boris, to ba sai an yi dogon bincike ba.

Na uku yana da alaƙa da wannan, kuma a nan ne ake gane ƙwararre. A waɗannan motocin leɓen sil ba a jikin shaf kai tsaye yake gogawa ba, a kan wani zoben ƙarfe mai santsi yake, wanda ake matsawa a bayan boris domin ya riƙe shi, ana ce masa kwala. Shekara da shekaru leɓen yana gogawa wuri guda tare da ƙura, sai ya yanka siririn kwari a jikin kwalar, kuma idan ka ja farce a kanta ka ji ya maƙale, to sabon sil ba zai zauna a kan wannan kwarin ba. Kwala ba a maimaita ta, sabuwa ake sawa duk lokacin da aka cire. Cirewar ma tana da nata haɗarin, domin yanka ta ake yi da giranda a ƙarasa da cizal, kuma idan hannu ya zarce aka tsaga jikin shaf, mai zai riƙa bi ta ƙarƙashin sabuwar kwalar ya fita, alhali sil ɗin lafiyarsa lau. Sannan dole a matsa ta da injin matse boris ta tsaya daidai inda ya kamata, musamman a motoci masu ABS inda ake da kwala biyu da zoben haƙora a tsakaninsu, domin idan ta zarce ko ta gaza da 'yan milimita, leɓen zai sauka a kan gefenta mai gangare maimakon tsakiyarta. Akwai gwajin da nake so a riƙa yi kafin a rufe aiki: a shafa giris siriri a kewayen kwalar, a tura shaf ɗin ya zauna, a ɗaure noti biyu, a juya shi sau 'yan kaɗan, sannan a sake zaro shi. Leɓen zai bar sawunsa a kan giris ɗin, zobe siriri, kuma da ido za a ga ko a tsakiyar santsin yake ko a baki.

Idan birida a buɗe take, boris da kwala sababbi ne, amma gefe guda ya ci gaba da cin sil, sai a zargi lanƙwasa. Lodi fiye da ƙima, buhuna a but da kan rufi, da faɗawa rami da gudu, suna iya tanƙwara shaf ko bututun aksul ɗin kansa kaɗan, yadda ido ba zai gani ba. Shaf ana kai shi wurin masu injin sassaƙa ƙarfe a ɗora a juya, a auna kaɗawarsa da agogon awo mai allura, a gwada da abin da littafin motar ya yarda da shi. Lanƙwasar bututu kuwa takan nuna kanta a taya, wadda za ta riƙa cinyewa ta gefen ciki, da kuma leɓen tsohon sil da zai cinye ta ɓangare guda kawai. Don haka kada a jefar da sil ɗin da aka cire sai an dube shi da kyau. Wanda ya taurare ya tsattsage zafi ne ko tsufa, wanda ya cinye gefe guda rashin saiti ne, wanda kuwa aka ga yanka a leɓensa ko sifirin ɗinsa ya fita daga mazauninsa, hannun mai ɗaurawa ne.

Wannan na ƙarshen yana faruwa fiye da yadda ake zato. Shaf ɗin Hiace dogo ne mai nauyi, bakinsa kuma yana da haƙora masu kaifi, kuma idan yaron gareji ya tura shi ciki yana jan sa a kan sil maimakon ya tallafe shi a tsakiyar rami har ya shige, to ya yanka leɓen tun motar ba ta bar gareji ba. Haka ma buga sil da guduma kai tsaye har ya shiga a karkace, ko sa shi a bushe ba a shafa wa leɓen mai ba, ko juya fuskarsa. Ɓangaren da sifirin yake shi ne ke kallon mai. Wajen ƙwaƙulo tsohon ma akan karce mazauninsa da sukundireba, mai ya riƙa bi ta bayan sabon. Game da ingancin kaya, a kasuwanni irin Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna za ka sami sil iri-iri masu girma ɗaya da farashi daban-daban, kuma tunda kuɗin aikin da na boris sun ninka kuɗin sil sau da yawa, a nan ba wurin neman araha ba ne. A saya da lambar motar, a kuma gwada lambobi uku da ke rubuce a jikinsa, faɗin ciki da faɗin waje da kauri, da na wanda aka cire. Ana iya sayen shaf ko ma aksul ɗan Beljiyam, amma sil da kwala da boris sai sababbi.

Ga masu wasu motocin da za su karanta wannan, tsarin binciken ɗaya ne, wurin ne ya bambanta. A motoci masu jan gaba irin Corolla, Camry, Golf da Accord, difarensha yana cikin giyabos ne, sil ɗin kuma yana inda shaf ya shiga giyabos, don haka abin da ke zuba man giyabos ne, mai launin ja idan motar otomatik ce a yawancinsu, kuma kada a rikita shi da giris ɗin da ke fantsama idan robar shaf ta yage. A Marsandi irin 190 da wadda ake kira Bi-but, tulun yana manne da jikin mota, sil ɗin yana gefensa nesa da birki. A gaban Land Cruiser mai aksul miƙaƙƙe guda ɗaya daga taya zuwa taya, sil ɗin ciki idan ya saki man giya yakan gauraya da giris ɗin gwiwar taya, ya fito a matsayin baƙin kwaɓi a jikin ƙwallon da taya ke juyawa a kai. Manyan motoci kuwa hob ne, wato ƙarfen da ake ɗaure taya a jikinsa, ke ɗauke da nauyi, sil ɗin ma a bayansa yake.

Akwai dabaru biyu da ake yi a tasha waɗanda ba na goyon bayansu. Na farko shi ne zuba mai mai kauri sosai ko cusa giris a cikin tulu domin yoyon ya ragu, wanda gyaran gangar Auzinawa ne, tunda giris ba ya watsuwa ya kai ga boris ɗin finiyo. Na biyu shi ne cikawa da baƙin mai idan man giya ya yi tsada. Haƙoran difarensha ba haɗuwa kawai suke yi ba, suna gogar juna ne a ƙarƙashin matsi mai tsanani, shi ya sa ake buƙatar mai mai lambar GL-5, mai kauri irin 80W-90 ko abin da littafin motar ya faɗa, kuma aksul mai LSD, wato difarensha mai rage zamewar taya ɗaya, yana da nasa man na daban.

Game da birkin da ke fizgar motarka, layinin da ya sha man giya ya gama aiki. Wani lokaci santsi yake yi ya ƙi kamawa, wani lokaci kuma danƙo yake yi ya cafke diram farat ɗaya, kuma duka biyun suna karkatar da mota. Wanke shi da fetur ko babbaka shi da wuta saman kawai yake busarwa, domin man ya riga ya shige cikinsa, kuma da zarar birki ya yi zafi zai sake tsattsafowa. A canza layinin tayoyin baya duka biyu a lokaci guda domin kamunsu ya zo daidai, a wanke diram da farantin bayansa har sai farin tsumma ya fito ba tabo. Shawarata ita ce kada ka ɗauki fasinja a babbar hanya sai an yi wannan.

Abin da za ka nema a gareji, ke nan, shi ne a buɗe gefen hagun a gabanka, a nuna maka sil ɗin da aka sa wancan karon, a duba birida, a canza boris da kwala da sil da zoben robar da ke bakin bututu tare, a juye tsohon mai a zuba sabo daidai bakin rami, sannan a leƙa gefen dama tunda shekarunsu ɗaya kuma lodi ɗaya suka sha. Bayan an gama a wanke wurin ƙal, domin ragowar tsohon mai da ya maƙale a lungunan faranti yakan ci gaba da ɗiga na 'yan kwanaki ya sa a zaci aikin bai yi ba. Idan ka yi tafiyar farko, ka tsaya ka kusantar da bayan hannunka ga tsakiyar wilin dama da na hagu ka gwada zafinsu. Idan na hagu ya fi zafi sosai, ko dai an ɗaure birkin da yawa ko boris bai zauna daidai ba, kuma a koma gareji a ranar. Bayan mako guda ka sake leƙa gindin farantin da tocila, ka kuma sa a buɗe notin zuba mai a tabbatar yatsa yana taɓo shi a inda aka bar shi.